Da Me Ake Auna Malami? Stewart Cole da Kundin Gadon Ƙwayar Tarin Fuka



Kowace sana'a da ma'auninta. Mai hatsi yana da mudu, mahauci yana da sikeli, mai sayar da sawaye yana da kamu. To, shi masanin kimiyya wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗakin bincike yana leƙen abin da ido ba ya gani, da me za a auna shi? Amsar da jami'o'in duniya suka fi bayarwa a wannan zamani ita ce a ƙirga ko sau nawa wasu masana suka ambaci aikinsa a cikin nasu rubuce-rubucen. Da wannan ƙidaya ake ɗaukar malami aiki, da ita ake ƙara masa girma, da ita ake ba shi kuɗin bincike ko a hana shi. Mu da ke zaune a nan, wasunmu za a auna su da wannan mudu, wasu kuwa in sun kama aikin gwamnati su za a miƙa wa mudun su auna wasu. Saboda haka ya kamata mu san shi tun yanzu, mu san abin da yake ɗauka da abin da yake zubarwa. Domin kada maganar ta tsaya a iska, zan ɗauki mutum guda in bi aikinsa, watau Farfesa Stewart Cole, wanda ya jagoranci karanta kundin gadon ƙwayar tarin fuka da ta kuturta.

Asalin mudun

Al'ada ce ta masana, in mutum ya rubuta maƙala, ya jera a ƙarshenta sunayen maƙalun da ya dogara da su. Kowane suna da ya jera, shi ne ambato guda. A shekarar 1955 wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ya ba da shawara a mujallar Science cewa a tattara waɗannan jerin sunaye wuri ɗaya, yadda mai karatu zai iya ɗaukar tsohuwar maƙala ya ga dukan waɗanda suka zo bayanta suka yi gini a kanta. Ya kafa cibiya a birnin Filadelfiya domin wannan aiki, kuma a 1964 ya fara fito da kundin ambato na kimiyya. Nufinsa na farko shi ne ya sauƙaƙa wa mai bincike neman hanya cikin tarin littattafai. Amma da yake abu ne mai ƙirguwa, ba a daɗe ba hukumomi suka mai da shi ma'aunin mutane.

A 2004 kamfanin Google ya buɗe shafin Google Scholar, ƙidayar ta zama kowa na iya ganinta a intanet kyauta. A 2005 kuma wani masanin fiziya na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, Jorge Hirsch, ya ƙago lamba guda da ake kira lambar h. Lissafinta mai sauƙi ne: in an ce lambar h ta malami 20 ce, to yana da maƙala 20 waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Watau dai an dunƙule aikin shekara talatin ya koma lamba ɗaya tak. Wannan shi ne mudun. Sai mu koma ga hatsin.

Mutumin da abokan gābarsa

An haifi Stewart Cole a Biritaniya a 1955. Ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sheffield, inda ya fara da nazarin yadda bakteriyar hanji da ake kira E. coli take samun ƙarfi a inda babu iska. Daga 1983 ya koma Cibiyar Pasteur da ke Faris, kuma yana cikin masana biyar na cibiyar da suka buga jerin haruffan gadon ƙwayar cutar ƙanjamau a 1985. Daga 2007 ya koma Lozan ta ƙasar Suwizalan ya shugabanci wata cibiyar nazarin lafiyar duniya, sa'an nan ya dawo ya riƙe shugabancin Cibiyar Pasteur daga 2018 zuwa ƙarshen 2023. Amma abin da ya sa sunansa ya zauna shi ne aikinsa a kan ƙwayoyin cuta biyu 'yan gida ɗaya.

Ta farko ita ce mai kawo tarin fuka, wadda Robert Koch ya bayyana wa duniya a Balin ran 24 ga Maris 1882. Ta biyu ita ce mai kawo kuturta, wadda Armauer Hansen ya gano a ƙasar Noway a 1873. Dukansu masu wuyar sha'ani ne. E. coli takan rabu biyu cikin kamar minti 20 in ta sami abinci, har mai bincike ya shuka ta da yamma ya girbe da safe. Ƙwayar tarin fuka kuwa sai ta yi kusan yini da kwana kafin ta rabu sau ɗaya, don haka sai an jira makonni kafin a ga tsironta. Ta kuturta ta fi ta nawa, gama takan ɗauki kamar mako biyu, kuma har yau ba wanda ya iya shuka ta a kwanon gwaji. Sai dai a rene ta a tafin ƙafar ɓera, ko a jikin amadilo, wata dabba mai sulke ta nahiyar Amurka.

Ga nawa, ga kuma ɓarna. Bisa lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2023 mutum kamar miliyan 10.8 suka kamu da tarin fuka, kamar miliyan 1.25 suka mutu, kuma Nijeriya na cikin ƙasashe takwas da suka ɗauki kashi biyu cikin uku na masu cutar. Ba labarin wata uwa duniya nake ba ku ba. Duk wanda ya taɓa jinyar mai tari na wata shida ya san abin da ake faɗa.

Karanta kundin

Kowace halitta tana ɗauke da umarnin gina kanta a rubuce cikin sinadarin DNA, da haruffa huɗu kawai: A, C, G, T. Haruffan nan sukan haɗu su yi abin da zan kira sadarar gado, kowace sadara kuwa umarni ce ta ƙera furotin guda. Dukan sadarorin in an tara su, su ne kundin gado. Wanda ya karanta kundin wata ƙwayar cuta, kamar wanda ya sami littafin ajiyar kayan maƙeri ne: ko bai shiga maƙerar ba, zai san irin kayan aikin da ke ciki da irin abin da ake iya ƙerawa.

Tun kafin a karanta kundin duka, Cole da abokan aikinsa sun fara da sadara ɗaiɗai. A 1992, tare da Ying Zhang da Douglas Young da wasu, sun warware wani tsohon ƙulli game da maganin isoniyazid, wanda ake ba masu tari tun 1952. Ashe maganin a kwance yake shiga jikin ƙwayar cutar, sai wani inzayim nata na kanta, wanda sadarar katG ke ƙerawa, shi ke tashe shi ya zama dafi. In sadarar ta lalace ko ta ɓace, maganin sai ya wuce bai yi kome ba. A 1993 kuma, tare da Amalio Telenti na birnin Ban, sun nuna cewa bijire wa rifamfisin yana zuwa ne daga canjin haruffa a wani ɗan gajeren yanki na sadarar rpoB. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

A 1995 wasu masana a Amurka suka karanta cikakken kundin bakteriya karo na farko, na Haemophilus influenzae, mai haruffa kamar miliyan 1.8. A 1997 aka gama na E. coli. Sa'an nan a watan Yuni 1998 mujallar Nature ta buga kundin ƙwayar tarin fuka, aikin haɗin gwiwa tsakanin Cibiyar Pasteur da Cibiyar Sanger da ke kusa da Kambirij a Ingila. Irin da aka karanta shi ne wanda ake kira H37Rv, wanda asalinsa daga wani majiyyaci aka samo shi a Amurka a 1905. Haruffansa 4,411,529 ne, sadarorinsa kamar 4,000. Sunan Cole ne na farko a kan maƙalar, na Bart Barrell ne na ƙarshe, tsakaninsu kuwa akwai mutum arba'in. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da kundin ya tona

Babban abin da ya ba masana mamaki shi ne cimakar wannan ƙwaya da yadda take sarrafa ta. An sami inzayim kamar 250 masu aikin gina kitse da rushe shi, alhali E. coli, wadda kundinta bai gaza nata girma ba, kamar 50 gare ta. Wannan lamba ta bayyana abubuwa biyu. Na ɗaya, da kitsen take gina katangar jikinta, wani maiƙo mai kauri kamar kakin zuma, wanda ke hana magunguna da yawa shiga. Na biyu, kitse ne abincinta. In ta shiga huhu, ƙwayoyin jiki masu gadi sukan haɗiye ta don su narkar da ita, amma sai ta mai da cikinsu gida, ta riƙa cin kitsen mai gidan. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da haka: a 2000 John McKinney da abokansa suka nuna cewa in an cire mata wani inzayim na hanyar cin kitse ba ta iya daɗewa a jikin ɓera, a 2008 kuma Amit Pandey da Christopher Sassetti suka nuna tana cin kolestarol. An kuma tarar da wasu dangi biyu na sadarori, PE da PPE, waɗanda suka cinye kusan kashi 10 cikin 100 na kundin, ba a ma san da yawansu ba kafin lokacin.

Da kundi ɗaya ya samu, sai aka sami abin kwatanta saura da shi. An daɗe ana koyar da cewa daga shanu mutum ya ɗauki tarin fuka lokacin da ya fara kiwo. A 2002 Roland Brosch da Cole da abokansu suka jera kundin dangin ƙwayar suka duba inda kowacce ta yi asarar wani yanki. Sai aka ga ta shanu ce ta zubar da yankuna waɗanda ta mutum ke riƙe da su, don haka ba zai yiwu ta mutum ta fito daga ta shanu ba. Wannan fa bai wanke madarar da ba a dafa ba, gama ƙwayar shanu tana kama mutum har gobe. Tarihin asali ne aka gyara.

Akwai kuma magani. A 2005 masana na kamfanin Janssen a Beljiyam, ƙarƙashin Koen Andries, suka sami wani sinadari mai kashe ƙwayar, suka so su san inda yake sara. Sai suka reni ƙwayoyin da suka bijire masa, suka karanta kundinsu, suka kwatanta da na asali. Canjin ya bayyana a injin da ƙwayar ke tara ƙarfinta da shi, watau kamar a ce an kashe mata wutar murhu. Wannan shi ne bedakwilin, wanda Amurka ta yarda da shi a ƙarshen 2012, maganin tarin fuka mai sabuwar hanyar aiki na farko cikin kimanin shekara arba'in. Ba Cole ya gano shi ba, amma a kan hanyar da ya share aka bi. Nasa ɗakin binciken kuma, tare da Vadim Makarov na Rasha, ya bayyana a 2009 wani dangin sinadari mai hana ƙwayar gina katangarta, har aka kai ga gwada shi a jikin mutane.

Wancan ɗan yanki na rpoB da na ce ku riƙe, shi ne na'urar GeneXpert ke dubawa a cikin majinar ƙirjin majiyyaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Disamba 2010. Cikin kamar awa biyu takan faɗa ko akwai ƙwayar, ta kuma faɗa ko ta bijire wa rifamfisin, amsar da a da sai an jira makonni. Tsakanin maƙalar 1993 da wannan na'ura shekara 17 ne.

Ƙanwar da aka manta

A 2001 Cole da jama'arsa suka buga kundin ƙwayar kuturta, daga irin da aka samo a jikin wani majiyyaci na jihar Tamil Nadu ta Indiya aka rene shi a amadilo. Abin da suka gani kango ne. Haruffanta kamar miliyan 3.3 ne, sadarori masu aiki kamar 1,600 kawai, ga kuma fiye da 1,100 da suka lalace suna nan kwance kamar rusassun ɗakuna. Da yawa daga hanyoyin sarrafa abinci da na numfashi waɗanda 'yar'uwarta ke da su, ita ta yi asararsu saboda daɗewa tana cin na mai gida. Nan aka fara fahimtar dalilin nawarta da dalilin ƙin tsirowarta a kwano.

A 2005 Marc Monot da Cole da wasu suka kwatanta ire-irenta daga nahiyoyi dabam-dabam, suka tarar kusan duk ɗaya ne, bambancin haruffa kaɗan ne ƙwarai. Da waɗannan 'yan haruffa suka bi sawunta. Ra'ayinsu shi ne daga Gabashin Afirka ko Gabas ta Tsakiya ta taso, kuma irin da ke Afirka ta Yamma ya fi kusa da na Turai da Arewacin Afirka, daga nan cinikin bayi ya kwashe shi zuwa tsibiran Karibiyan da Barazil. A 2016 ma ɗakin bincikensa ya nuna jan kuregen tsibiran Biritaniya yana ɗauke da ita.

Abin da mudu ya ɗauka, da abin da ya zubar

Yanzu sai mu ɗauko mudu. Maƙalar 1998 an ambace ta sau dubbai masu yawa, tana cikin waɗanda aka fi ambata a duk fagen tarin fuka, kuma ta cancanta, domin kusan duk mai nazarin gadon wannan ƙwaya da kundin H37Rv yake kwatanta nasa. A nan mudu ya faɗi gaskiya. Ruwa ba ya tsami banza, kuma dubban masana da ba su san juna ba, ba za su taru a kan aikin wofi shekara da shekaru ba. Amma akwai wurare huɗu da yake yoyo.

Na farko, ambato yana bin kayan aiki fiye da yadda yake bin zurfin tunani. A 2014 mujallar Nature ta jera maƙalu 100 da aka fi ambata a tarihi. Ta farko ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, a kan hanyar auna furotin, mai ambato fiye da 300,000. Sai maƙala ta kai kamar 12,000 kafin ta shiga jerin. Maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar DNA, ba ta shiga ba, gama abin da ya zama sanin kowa an daina ambatar mai shi.

Na biyu, ambato yana bin yawan jama'ar fage. Maƙalar kuturta ta 2001 ba ta kai ta tarin fuka ambato ba ko kusa, alhali shugaban aikin ɗaya ne, mujallar ɗaya ce, wahalar samun DNA ɗin ma ta fi. Dalili shi ne masu binciken kuturta kaɗan ne, kuɗin fagen kaɗan ne, ko da yake kowace shekara ana samun sababbin majiyyata kusan 200,000 a duniya. In hukuma ta ce mudu kaɗai za ta bi, to ta umarci matasan masana ke nan su guji cutar talaka.

Na uku, mudu bai san rabon gado ba. Maƙala mai marubuta 42, duk ambato guda yakan shiga asusun kowannensu cif, da wanda ya tsara aikin da wanda ya taimaka a gefe. Haka kuma lambar h: mutum mai maƙala ɗaya da ta juya duniya, lambarsa 1 ce.

Na huɗu, mudu bai san yabo da zagi ba, bai kuma san haƙuri ba. A wannan shekara ta 1998 mujallar Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield mai jingina wata allurar rigakafin yara da cutar galahanga. An janye ta a 2010 bayan an tabbatar da rashin gaskiyarta, amma ta tara ambato mai yawa, galibi daga masu ƙaryata ta. Gregor Mendel kuwa ya buga dokokin gado a 1866, aka yi kusan ko oho da su har 1900. Irin waɗannan dalilai ne suka sa wasu masana da editoci suka haɗu a San Faransisko a 2012 suka fitar da sanarwa cewa a riƙa auna bincike da abin da ya ƙunsa, a bar dogara ga sunan mujallar da ta buga shi.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwana, ban zo in ce a fasa mudu ba. Inda babu ma'auni, sanayya da ɗan'uwantaka ke zama ma'auni, kuma mun san inda wannan ke kai jami'a. Lamba aƙalla ba ta san ɗan wane ba. Abin da nake kira gare shi shi ne duk wanda aka miƙa wa takardun malami, bayan ya duba lamba, ya ƙara tambaya uku. Wace tambaya ce wannan mutum ya amsa wadda ba a san amsarta ba kafinsa? Wa ya yi gini a kan amsar, me kuma ya gina? In aka cire aikinsa, me zai rushe? A game da Cole amsoshin a fili suke: in aka cire aikinsa, sai a sake neman dalilin bijire wa isoniyazid, a sake neman kundin da za a kwatanta saura da shi, a koma koyar da cewa saniya ce ta ba mu tari.

Akwai kuma aikin da ke jiranmu a ƙofar gida. A Afirka ta Yamma akwai wani reshe na dangin ƙwayar tarin fuka da ake kira Mycobacterium africanum, wanda aka fara bayyanawa a Senegal a 1968, kuma a wasu sassan yankin shi ke da alhakin kaso mai yawa na masu tarin. Da yake kusan a nan kawai yake, masu nazarinsa ba su da yawa, mai aiki a kansa kuma ba zai tara ambato irin na wanda ya bi ayari ba. Muna da cibiyar horaswa kan tarin fuka da kuturta a Saye ta Zariya, muna da jami'o'i, kuma kundin bakteriya da ya ci masana 42 shekaru, yau na'ura kan karanta shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin da ya rage shi ne a sami ɗaliban da za su ɗauki tambayar, da ma'aikatan da za su san darajarta a ranar da takardar neman kuɗi ta iso teburinsu, ko da lambar mai nema ƙarama ce. Waɗannan ɗalibai da waɗannan ma'aikata kuwa, a cikin wannan ɗaki suke zaune.